Mutanen Tudu a Bakin Tekun Badagiri

Ruwan da mutumin Damba ta Gusau ya sani bai wuce na gulbin da ya ratsa Gusau ba, wanda rani kan mayar da shi rairayi da 'yan kududdufai, sai na madatsar Bakolori ga wanda ya taɓa leƙawa wajen Talatar Mafara. Duk da haka Zamfarawa na zuwa bakin teku fiye da yadda ake zato, kuma da yawansu Badagiri suke sauka, garin kabilar Egun da ke ƙarshen jihar Legas ta yamma, dab da iyakar Seme. A can ne ASCON take, makarantar horar da manyan ma'aikatan gwamnati da aka kafa a 1973, mai mazauni a Topo. Wanda kwas bai kai shi ba, fatauci ya kai shi, ko yawon buɗe ido na 'yan makaranta.

Abubuwan gani a garin ba su fi a gama su a wuni guda ba. Akwai benen 'yan mishan na 1845 da ake wa kirari da bene na farko a Najeriya, akwai gidajen tarihin cinikin bayi, sannan a hau kwalekwale mai inji a haye zuwa tsibirin Gberefu, a taka cikin rairayi har a iske Tekun Atilantika. Shi ke nan. Kallon da ba ya ƙarewa shi ne na mutanen da kuka taho mota ɗaya da su.

Tun kafin a wuce Tsafe za ka san Gwanin Ruwa, don shi zai sanar da kai. Tun yana yaro, in ji shi, yake ƙetare gulbin Gusau a tsakiyar watan Agusta, riga a ɗaure a ka, ko digo ba ya taɓa ta. Ya taɓa ceto saniya, ya taɓa ceto mai saniyar. Labarin na ƙara girma da nisan hanya, kafin a haye kogin Kwara saniyar ta zama garke. Sai ga shi a bakin kwalekwalen Gberefu, inda ruwan ma kwance yake, hayewar 'yan mintoci ce. Shi ne na farko da zai karɓi rigar ruwa, ya ɗaure ta tamau, ya tambayi mai jirgi ko akwai ta biyu. A tsakiyar ruwa babu abin da ke fita bakinsa sai salati. In an isa tekun ainihi, ya ga igiyar ruwa ta taso ta fi tsawon mutum ta faɗo da ƙugi, sai ya ja baya, ya harɗe hannu ya ce, "Wanga ruwa ba shi da ladabi. Ni ruwan da ni sani, in ka girmama shi, shina girmama ka." A gaskiya ranar ce kaɗai ya yi magana mai ma'ana, domin tekun wannan gaɓa na da ja ta ƙarƙashi, mai fizgar ƙafa ya yi ciki da mutum, kuma 'yan garin da kansu ba sa wasa da shi. Wanda ya kamata a sa wa ido shi ne saurayin da bai ce komai ba a mota, wanda tuni ya tuɓe riga.

Ranka-ya-daɗe kuwa kwas ya zo, kuma ya zo da shirin kwas: shadda mai sitaci, babbar riga mai aska takwas, hula ƙube, takalmi sau-ciki da aka goge tun a Gusau. Ba wanda ya gaya masa cewa zafin Badagiri ba irin namu ba ne. Namu busasshe ne, ka yi gumi ya bushe. Na can jiƙaƙƙe ne, iska ɗauke take da ruwa, gumin ba shi da wurin zuwa. Kafin a yi rabin tafiyar rairayin Gberefu, shaddar nan ta koma kamar tsumman da aka tsamo daga randa. Ba zai cire ba, girma ya hana. Zai dai tsaya kowane taku ashirin ya zazzage takalmi, ya tambayi ɗan jagora, "Yaro, babu mota da ke shigowa nan?" A bakin teku tambayarsa ta farko ita ce ina kujera. Ta biyu, wane ne hakimin wurin, don a kai gaisuwa. Sauran lokacin lissafin alawus yake yi a ransa, kwana nawa aka rubuta, kwana nawa aka yi.

Malam ya fi kowa amfani a tafiyar, kuma ya fi kowa sanin haka. Shi zai gaya muku a yi ƙasaru, shi zai gyara muku alƙibla, don daga Badagiri sai an ƙara karkata arewa fiye da yadda aka saba a gida. Da an ga teku za a yi masa tambayar da ya kwana yana jira: ko ana alwala da wannan ruwan gishiri? Sai ya gyara zama. Ana yi, hadisin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, ruwan teku mai tsarkakewa ne, abin da ya mutu a cikinsa halal ne. A mazhabarmu, in ji shi, duk dabbar ruwa ta halatta: ƙaguwa, jatan lande, har abin da ba ka san sunansa ba. Jawabi mai kyau, da hujja, da larabci. Da azahar sai mai abinci ta ajiye masa kwanon miya, ga ƙaguwa a ciki ta miƙo ƙafafu sama.

"Allah gafarta Malam, bisimilla. Ai ka ce halal ce."

"Na ce halal ce. Ban ce wajibi ba ce."

Daga nan kowa zai fara neman Hajiya Mai Kula. Ita ce wadda aka yi ta yi wa tsiya a tasha saboda kayanta sun cinye rabin but: kilishi, dambun nama, hoce, yajin ƙuli, garin kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, har da 'yar tukunya. An ce mata, "Hajiya, Legas za mu, ba daji ba." Ba ta tanka ba. Rana ta farko kowa na ɗokin kifi sabo da ruwan kwakwa. Rana ta biyu an fara kewar tuwo. Zuwa ta uku, Ranka-ya-daɗe da kansa, mai mataki na goma sha shida, yana tsaye a ƙofar ɗakinta da kwano yana cewa, "Hajiya, Allah ya ƙara girma, ko an ɗan rage?" Ita teku bai dame ta ba. Ta dube shi sau ɗaya, ta ce ikon Allah, ta tambayi inda ake sayar da bandar kifi da man kwakwa, don tsarabar kishiya da ta maƙwabta ba ta jira.

Ɗan Ciniki ma bai ga teku ba, ko da yake a gabansa yake. Itatuwan kwakwa ya gani, waɗanda Badagiri ta yi suna da su, ya shiga kiyasi: nawa ɗari a nan, nawa guda a kasuwar Tudun Wada, nawa kuɗin mota, nawa za a bari a shingayen hanya. Jikinsa na Gberefu, zuciyarsa na Seme. Yana iya ba ka tarihin rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 wata bi wata, da abin da ya yi wa farashin shinkafa da gwanjo, kuma yana sauya sefa zuwa naira a ka kafin ka lalubo wayarka. Babban ɓacin ransa shi ne sabuwar babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri, mai tsawon kilomita 1,068, da aka ƙaddamar da aikinta a Illela a 2024. Hanyar ta bi ta Kebbi, Neja, Kwara, Oyo da Ogun. Zamfara ba ta ciki. Yana ɗaukar wannan a matsayin abin da aka yi masa shi kaɗai, da gangan.

Sai Na-Karanta. Kowace tawaga na da shi, galibi malamin sakandare ne ko ɗan jarida mai ritaya, kuma ɗan jagora kan gane shi tun daga yadda yake gyara tabarau. Aikinsa gardama. An ce bene na farko a Najeriya? Zai ɗaga hannu: to sorayen Kano da na Katsina fa, masu hawa, da aka gina da ƙasa tun kafin a haifi kakan ɗan mishan? A nan yana da gaskiya, abin da ake nufi bene irin ginin Turawa ne, amma yadda yake faɗa sai ka ji kana son ka goyi bayan ɗan jagora. In ka yi haƙuri da shi, za ka tsinci abin kirki. Shi zai gaya maka cewa daga Badagirin nan Kyaftin Clapperton ya tashi a Disamban 1825 ya nufi wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya mutu a Sakkwato a Afrilun 1827, baransa Richard Lander ya dawo da takardunsa ta wannan gari. Tare da su akwai wani Bagobiri, Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko, da aka sayar bawa, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi, ya yi aikin jirgin ruwa, sannan ya dawo ya zama tafintansu. Na-Karanta na son labarin Pasko ƙwarai, yana faɗinsa yana kallon Gwanin Ruwa.

Akwai wurin da ko shi yakan yi shiru. A gidan Seriki Williams Abass, wanda ya rasu a 1919, shi kansa tsohon bawa da aka kai Barazil ya dawo ya zama dillalin bayi, akwai ɗakuna arba'in ƙanana da aka riƙa tsare mutane a ciki. A gidan tarihin iyalin Mobee ana miƙa wa baƙo sarƙar wuya da mari ya ɗaga ya ji nauyinsu. A kan hanyar Gberefu akwai rijiyar da 'yan jagora ke cewa an riƙa shayar da bayi ruwanta don su manta gida, a ƙarshen hanyar kuma inda aka riƙa zuba su a jirgi, wurin da ake kira Mashigar Ba-Dawowa. Baƙon arewa kan shiga nan yana zaton tarihin wasu ya zo gani. To, cikin waɗanda aka fitar ta tashoshin wannan gaɓa akwai Hausawa da yawa, kamammun yaƙe-yaƙen ƙasarmu. A Bahia ta Barazil an bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa a 1807, kuma a 1835 Musulmin birnin Salvador, Yarbawa da Hausawa, suka yi tawayen da har yau ake karantawa a can, wasunsu da layu rubuce da larabci a wuya. Wani daga cikinmu ya kama, wani daga cikinmu ya sayar, kafin a kai ga Bature. A nan ne za ka lura da wani dattijo da ba ka san da shi a motar ba, wanda zai ɗaga hannu ya yi fatiha, kowa ya bi, har Ɗan Ciniki.

Kowa, ban da Mai Hoto. Shi ya rataya sarƙar a wuya ya ce a ɗauke shi, da murmushi, sannan a sake don idonsa ya rufe. Tun safe bai kalli komai da idonsa ba sai ta gilashin waya. A bakin teku ya juya wa ruwan baya, ya ɗaga yatsu biyu, ya sauya riga sau uku a bayan itacen kwakwa don a zaci kwanaki ya yi. Abin da zai rubuta a Facebook ba zai ambaci Badagiri ba, "wani wuri a duniya" kawai zai sa, don 'yan unguwa su zaci Dubai. Igiyar ruwa ba ta san haka ba. Takan zo ta baya, kuma takan zaɓi lokacin da wayar ke hannu ɗaya. Daren ranar za a gan shi yana roƙon Hajiya gwangwanin ɗanyar shinkafa ya binne wayar a ciki.

Mai Jarka ba ya damun kowa sai a hanyar dawowa. Tun daga gida aka ba shi saƙo: gwaggo na son ruwan teku don ciwon ƙafa, maƙwabci na so don a yayyafa a shago, wani ya ji an ce yana karya sammu. Kowace lita ta ruwan nan na ɗauke da gishiri wajen giram 35, ba ya shayuwa, amma wannan bai rage masa daraja a Damba ba. Zai cika jarka mai lita ashirin da biyar, ya ɗauko ta a ka tsawon rairayin Gberefu, ya yi rigima da kwandasta kan kuɗin kaya, a kowane shinge ya sauka ya yi bayanin cewa ba fetur ba ne. Murfin ba ya taɓa rufuwa daidai, kuma kullum a kan jakar Ranka-ya-daɗe take yoyo. Abin mamaki, jarkar da ta iso gida rabi takan yi wata shida ana ɗiba ba ta ƙare ba, kuma mai shagon unguwa ya lura cinikin gishirinsa ya ƙaru.

Akwai kuma wanda ya biya kuɗin mota tare da ku amma bai ƙarasa ba. A Agege ya sauka, wai zai gai da ɗan ƙanen babansa na minti goma, ya ce ku yi gaba zai biyo ku. A can ya yi kwanakin duka yana cin tuwon shinkafa da shan shayi cikin Hausawa, bai ga ko kududdufi ba, sai ranar komawa ya bayyana a tasha da ledar burodi. Makonni bayan haka, ka je majalisar bayan isha'i a Damba, za ka iske an kewaye shi, yana kwatanta kifin da ya fi motar bas, da dodon Zangbeto da ya bi shi da gudu cikin dare, da yadda ya riƙe Gwanin Ruwa da hannu ɗaya lokacin da kwalekwale ya so kifewa. Ka ce, "Haba Alhaji, ai ba haka aka yi ba." Sai ya dube ka da tausayi, ya juya ga jama'a ya ce, "Ku ƙyale shi. Amai ya yi ta yi tun daga Jeba, mi ya gani?"