Waɗanda Suka Cinye Mini Shekarar Bana

Duk Disamba masu irin sana'ata, wato waɗanda suka gina manhaja su kaɗai kuma suke rainonta su kaɗai, sukan zauna su rubuta yadda shekara ta kasance: nawa aka samu, nawa saba ta ci, mutum nawa suka shigo, nawa suka gudu. Ni manhajar karanta littattafan Hausa nake riƙe da ita. Ni ne mai gini, ni ne mai gyara, ni ne akawu, ni ne mai ba da haƙuri. Alƙaluman kuɗi kuwa sirri ne tsakanina da maiɗakina da mai bina bashi. Abin da zan iya bajewa a faifai shi ne jama'ar da na yi fama da su.

Na farko Malam Ba-ta-yi. Saƙonsa ba ya wuce layi guda: "Manhajarku ba ta yi." Ka tambaye shi me ta nuna masa, ya ce ba ta nuna komai ba. Wace irin waya ce? "Babba ce." Ka ce ya turo hoton abin da ya gani, sai ya ari wayar ƙaninsa ya ɗauki hoton tasa, fuskarsa da fankar ɗakin su fito ras a gilashi, rubutun matsalar kuwa hasken ƙwai ya cinye shi. Ka kwana kana tonon abin da ya lalace, da safe ya turo: "Ta yi. Ashe data ce ta ƙare." Tauraro ɗayan da ya lafta maka a Play Store kuwa yana nan daram, sai dai jikoki su gada.

Ƙanwarsa ita ce mai mantuwar kalmar sirri. Da tsohon layinta ta buɗe asusu, layin ya ɓace a gidan biki, kalmar sirrin kuma wani mai shagon caji ne ya sa mata. Tana so a dawo mata da littattafanta yanzu-yanzu, shaidarta kuma "wallahi ni ce".

Akwai mai "ku". "Ku gaya wa injiniyoyinku." "A haɗa ni da manaja." Wannan ba na ganin laifinsa sosai, tunda duk sanarwar da manhajar ke fitarwa cewa take "ma'aikatanmu na kan aiki". Ma'aikatan nan kuwa mutum ɗaya ne cikin singileti, yana jiran rana ta fito sola ta ɗauka. In ya matsa nakan ce zan miƙa kokensa ga shugaba, in tashi in ci tuwo, in dawo in amsa masa da murya mai kauri.

Sai Hajiya. Hajiya ba baƙuwa ba ce a wannan lissafi, duk shekara tana ciki, kuma Allah ya bar mana ita. Ba ta rubutu, saƙon murya take turowa, kuma ba ta shiga magana sai ta gaishe ni yadda ya kamata: "Ɗan nan, an tashi lafiya? Ya iyalin? Ya sanyin nan? Ya haƙuri da mu?" A bayan muryarta kana jin kaji, kana jin turmi, kana jin ana yi wa wani jika tsawa ya sauka daga kan katanga. Sai wajen minti na huɗu a zo ga batu, batun kuma kullum ɗaya ne: ta ɗauka duk abin da ke faruwa a cikin labari da sanina ake yin sa.

"Ɗan nan, yarinyar nan ta sha wahala a hannun uwar miji, Allah ya gani. Ka gaya wa mai rubutun ta fito da ita daga gidan nan. In ta ƙi, kai ka shiga ka gyara, ai a hannunka abin yake."

Na ce, Hajiya, ni kamar mai rumfa ne a kasuwa, kaya na masu kaya ne. Ta ce ai mai rumfar kirki ba ya zuba ido a yi zalunci a rumfarsa.

Ba a yi mata gardama a kan littafi. Tun zamanin shagunan haya take karatu, lokacin da ake layin karɓar In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, kuma duk sabuwar marubuciya sai ta ɗora ta a sikeli da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa, ta ce da sauranta. Amma ba ta taɓa tsallake babi ba.

Ranar 14 ga Maris, 2024, da intanet ta tsaya cak a Afirka ta Yamma, Hajiya ce ta fara kirana. "Ɗan nan, kuɗina ne ya ƙare ka rufe ni?" Na ce a'a, manyan wayoyi ne guda huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a wajen gaɓar Kwaddibuwa. Ta yi shiru. Can ta ce, "Yanzu labarin nawa ta cikin teku yake biyowa kafin ya zo Gwale?" Na ce e, sabar da nake haya a Turai take. Ta ce shi ya sa yaran cikin labaran yanzu ba su da kunya. A Oktoban shekarar kuma, da Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu, sai da ta riƙa aiken jika wurin mai caji don kada babin da za a kama kishiya ya wuce ta, sannan ta kira ta tambaya ko ni ina da wuta, in babu in kawo kwamfutar gidanta, ɗanta ya sa sola. Kuɗinta ba ya latti. Takan tura yaro wurin mai POS, ta ɗora naira 200 a kai, wai in sha ruwa.

Kawu mai shawara a wurin ɗaurin aure yake tare ni. Bai taɓa buɗe manhajar ba, amma ya ji cewa kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya sayi manhajar karatu ta Wattpad a 2021 a kan dala miliyan 600 da wani abu, tun daga nan bai sake samun barci ba. "Ɗana, kai me kake jira?" A ƙara finafinai, a ƙara sayar da atamfa, a ƙara dalilin aure, a sa lokutan salla a gefe. Ƙarshen zancen: "Ni na kawo dabara, kai ka yi aikin, a raba biyu." Na ba shi labarin OkadaBooks, wadda ta yi shekara goma tana sayar da littattafan 'yan Nijeriya, har da na marubutanmu na Hausa, ta rufe a Nuwamban 2023. Ya ce ai ba su nemi shawara ba.

Ɗan'uwansa shi ne mai cewa, "Ai intanet ce, me ka kashe?" Wayarsa ta fi kwamfutata tsada, amma naira 500 ta littafi zalunci ce. Da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, ya biya bai ce uffan ba, ni ya zo ya huce a kaina. Ka yi ta yi masa bayani cewa da dala ake biyan hayar saba, kuma dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, ya ce to ka sa talla. Ka sa talla, ya ce tallar ta yi yawa.

Dangi ba sai an daɗe a kansu ba. Kowa ya ce yana bayanka, kowa ya sauke manhajar a gabanka, kowa ya goge ta da daddare saboda ba guri a waya.

Anti marubuciya mai yaji ce. In ta saki babi sharhi bai kai yadda take so ba, sai sanarwa: "Tunda ba kwa yabawa, na ajiye alƙalami." Nan take masu karatu su yo kaina, ni zan je biko. In je, in lallaba, ta dawo da sadaukarwar da ta fi babin tsawo, kowace aminiya da layinta. Ita ma ba na iya fushi da ita, domin na san yadda ake rubuta littattafan nan: da babban yatsa, a kan waya, bayan an kwantar da yara an wanke tukwane.

Akwai kuma wani da ba zan kama sunansa ba. Duk Janairu yakan yi alƙawarin bana za a iya karatu ba tare da data ba. Sai ya shafe watanni yana canza launin maɓalli, ya rushe abin da ke aiki lafiya ya sake gina shi don ya ga wata sabuwar dabara a YouTube, ƙarfe uku na dare kuma yana leƙa mutum nawa ne ke kan manhaja. Duk cikin jerin nan shi kaɗai ne ba ni da hanyar toshewa.

Duk waɗannan na yafe musu, har da mai turo rasit ɗin bogi ya ce banki ne ya riƙe. Wanda ban yafe wa ba shi ne mai rabawa. Ya biya 500 sau ɗaya, ya bi littafin shafi-shafi ya kwafe, ya haɗa shi dokumen, ya goge sunan marubuciya, ya watsa a gurup-gurup na WhatsApp da Telegram. Matar nan wata shida ta yi tana rubutu, da kuɗin take sayen maganin mahaifiyarta ko biyan kuɗin makarantar yaro, shi kuma ya kashe mata kasuwa kafin la'asar. A farkon littafin ta roƙa, ta haɗa da Allah, ta ce ba ta yafe ba, ya share wurin ya wuce. Ka hana ɗaukar hoton shafi, ya ɗauko waya ta biyu. Ka toshe asusunsa, ya buɗe wani da layin matarsa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ya ɗauki kansa mai aikin lada, wai yana taimakon marasa hali, ana ta yi masa addu'ar Allah ya ƙara buɗi. Da kuɗin wa? Wanda ya ɗauki buhun shinkafar wani ya raba wa unguwa sunansa ɓarawo, ko da unguwar duk ta sa masa albarka.

Kwanan baya aka turo mini ɗaya daga cikin dokumen ɗinsa. A saman shafin farko, daidai inda sunan marubuciyar yake a da, ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa shi ya sha wahalar haɗa wannan littafi, duk wanda ya cire sunan gurup ɗinsa ya fitar, bai yafe ba duniya da lahira.