Ina Ɗiya? Ire-iren Masu Ba da Labarin Gida a Ƙasar Jabo

Tambayar lafiyar iyali tana cikin jerin gaisuwar da Bahaushe ba ya tsallakewa. A Jabo, garin da ke ƙaramar hukumar Tambuwal a kudancin jihar Sakkwato, da ƙauyukan da suka miƙe har ƙasar Kebbe, bayan an tambayi kwana da gajiya sai a ce, "Ina gida? Ina ɗiya?" A bakin Basakkwace ɗiya su ne 'ya'ya, kuma amsar da al'ada ta tanada ɗaya ce tak: "Lahiya lau." Amsar nan ba ta ɗauke da labari ko na anini, da gangan kuma aka yi ta haka. Sai dai gida mai ƙananan yara ba ya yin mako guda ba a samu sabon abu ba. An haihu, an yi yaye, haƙori ya tsiro, an kai wani makaranta, an tashi daga babban gida. Dole labarin ya sami kafar fita, masu fitar da shi kuma iri-iri ne.

Mafi yawansu shi ne magidanci mai lahiya lau. Ƙa'idarsa ita ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Akan gamu da shi da hantsi a bakin kemis, ido jawur don kwana uku bai runtsa ba, ga shatin kunu a kafaɗar riga, ga kwalbar maganin zazzaɓi a hannu, a ce masa ina ɗiya, ya ce lahiya lau, sai godiya. Maganarsa tana bukatar tafinta. In ya ce "ɗan jiki ne ya motsa," to an riga an ba yaro gado a asibiti. In ya ce "an samu ƙaruwa," aikin mai sauraro ne ya gano ko haihuwa aka yi, ko amarya ce ta tare, ko kuwa tunkiya ce ta zuba tagwaye, domin shi ba zai ƙara ko kalma ba sai goron suna ya iso ya raba gardama. Wannan bawan Allah bai riƙe shekarun 'ya'yansa da lamba. Da abin da ya faru yake lissafi: wane an haife shi shekarar canjin kuɗi, wato farkon 2023, lokacin da ga ragon suna a kasuwa amma takardar nairar da za a biya ta yi ɓatan dabo, wance kuwa shekarar da albasa ta yi kuɗi.

Akasinsa shi ne mai lissafi, wanda ake tambaya lafiyar yara ya amsa da farashi. Tarihin duniya a wurinsa kashi biyu ne, kafin 29 ga Mayu 2023 da bayanta, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, komai na kasuwa ya bi sahu. Kowa ya ji a jikinsa, amma shi a jikin jaririnsa ya fi gani. Ya san kuɗin Pampers ƙwaya ɗaya da na leda, ya kuma kafa doka a gidansa cewa ba a ɗaura shi sai ranar zuwa unguwa, sauran kwanaki a koma wa tsumma kamar yadda aka goyi kowa. Daga nan sai ya gangara kan kuɗin Laraba na makarantar allo, da kuɗin wata na Islamiyya, da na kashewa da safe. In wani ya tuna masa cewa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne, sai ya ce dokar ba ta ce komai ba game da takalmi, shi kuwa ɗansa kowane mako da wari ɗaya yake dawowa. Lissafinsa daidai yake, ba a taɓa kama shi da ƙarin sisi ba. Illarsa kawai ba a tambayarsa sau biyu, kuma duk bayan shekara biyu akan gan shi a kasuwa yana taya rago.

A ɓangaren mata akwai uwar ɗan fari, ita kuma samfuri biyu ce. Ƙasar Tambuwal, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna, wuri ne da kunyar Fulani ta cuɗanya da alkunyar Hausawa, shi ya sa tsohon samfuri ya yi ƙarfi a nan. Ita wannan takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta yi wankan jego da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya har arba'in, ta sha kunun kanwa, ta dawo ɗakinta da jariri tana yi kamar aro aka ba ta. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. In an ce mata ina yaro, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Shina can wurin Inna," alhali yana ɗaure a bayanta. Sabon samfuri ƙanwarta ce mai babbar waya, wadda ta sauya sunanta zuwa Maman Wane tun kafin wanzami ya wanke askarsa. Ranar da yaro ya fara zama an gani a WhatsApp, ranar rarrafe an gani, haƙorin farko kuwa an ɗauke shi hoto ta fuska uku. Duk da haka ita ma ba ta ambatar sunansa a gaban surukarta. Ta dai rubuta shi da manyan baƙaƙe a waya, kuma zaman lafiya yakan ɗore muddin ba a sami wani ɗan firamare ya karanta wa tsohuwa ba.

Kaka ta fi kowa cancantar dogon bayani, domin ita kaɗai al'ada ta ba lasisin magana a kan yara yadda ta ga dama. Jika namiji mijinta ne, mace kishiyarta ce, don haka labarinta duk a sigar ƙara yake zuwa: "Wanga miji nawa ba shi cefane, sai ci da kuka." Fassarar wannan ita ce yaro yana cikin ƙoshin lafiya. In ta ce kishiyar nan ta ƙwace mata wuri a shimfiɗa, to an haifi ƙani ke nan, an turo babba ɗakinta.

Kaka kuma likita ce mai cuta ɗaya. Zazzaɓi haƙori ne, gudawa haƙori ce, ƙurji a dunduniya ma haƙori ne. Babban yaƙinta da ma'aikatan lafiya yana kan shayar da nono zalla har wata shida ba tare da ruwa ba. Hujjarta ita ce a zafin bazarar Sakkwato ko kaza tana buɗe baki, balle ɗan mutum. Ma'aikatan su ke da gaskiya a nan, domin yawancin nono ruwa ne, na rijiya kuma shi ke jawo gudawar da ake ɗora wa haƙori laifinta. Kaka takan saurari wannan bayani da natsuwa, ta ce to, sannan ta jira uwar ta zagaya bayan gida ta ɗauko cokali. Amma adalci shi ne a faɗi ɗaya ɓangaren: katin rigakafi a cikin kwallarta yake ajiye, kuma ita ce ke tuna wa kowa allurar baƙon dauro ta wata tara, saboda ta ga shekarun da cutar take shiga unguwa ta kwashi yara. Masu ɗigon shan-inna, waɗanda ke barin alli a bango da tawada a ɗan yatsa, ta san su da fuska, kuma ko da aka ayyana Afirka ta rabu da asalin cutar a watan Agustan 2020 ba su daina zuwa ba, ita ma ba ta daina yi musu tsiya ba. Haka masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga 'yan ƙasa da shekara biyar a watannin damina. Ranar da ta fi nuna gwaninta ita ce ranar yaye. Yaro ya doshi shekara biyu, a shafa maɗaci a nono, a kawo mata shi, unguwa ta kwana uku ba barci. Da safe in an zo tambaya sai ta ce, "Ko uhum bai ce ba."

Ɗan ci-rani uba ne da ke renon 'ya'yansa ta waya. Da an kai amfanin gona rumbu sai ya nufi Legas ko Abuja ko Fatakwal, labarin gida ya riƙa iske shi ta saƙon murya, kuɗin cefane su riƙa isowa ta hannun mai POS. Abin mamaki shi ne ya fi mai lahiya lau sanin halin da gidansa yake ciki, domin shi dole a gaya masa, wancan kuwa ana zaton yana gani. Tarbiyya ma ta waya yake yi. In an kai masa ƙarar yaro sai ya daka tsawa daga nisan ɗaruruwan kilomita, "A ba shi wayar!" Yaro ya karɓa da hannu biyu, ya lashi gilashin, ya latse jan maɓalli. Idan hadarin farko ya taso ya dawo da tsaraba, takalmin da ya sayo ya yi kaɗan saboda awon lokacin kaka ne, yaron kuma ya ɓuya a bayan uwarsa yana tsala ihu. Akan yi kwana biyu ana ce masa ga Baba, shi kuwa yana nuna waya.

Wani sabon iri da ke ƙaruwa shi ne ma'aikacin da ya tashi daga babban gida ya kama haya a Tambuwal ko cikin birnin Sakkwato, daga shi sai matarsa sai yara biyu da ƙyauren ƙarfe. Watan farko ba shi da zance sai na kwanciyar hankali. A wata na biyu yake gano cewa a babban gida jariri ba ya taɓa ƙasa, daga hannun gwaggo sai na matar baffa sai na 'yan matan gida, yanzu kuwa duk waɗannan hannuwa sun koma nasa. Akan hange shi bayan lisha yana safa da marwa a tsakar gida da yaro a kafaɗa, in an kama shi ya ce iska yake sha. Kowace Jumma'a yana hanyar Jabo wai zuwa gaishe da tsofaffi. Yakan gaishe su, ya miƙa yara, ya nemi inuwa ya yi barci har la'asar.

Maƙwabciya mai ƙidaya ba a tambayarta labarin gidanta, na gidan wasu take bayarwa. Ba ta fashin barka ko suna, kuma tana da kalanda a ka. Daga yadda mace ta kawar da kai daga warin daddawa takan gane ciki tun maigidan bai sani ba, ta lissafa watannin na goye a yatsu, ta yanke hukuncin kwanika. Kowane rahoto nata da "ni dai ban ce komai ba" yake ƙarewa.

Duk waɗannan suna tace labari kafin su fitar, kowa da irin rariyarsa. Wadda ba ta da rariya ita ce yayar goyo, yarinya 'yar shekara shida ko bakwai da akan gani a ƙofar gida da ƙani a baya, ƙafafunsa na dukan ƙwaurinta, majanyi ya zame har ƙugu, tana ɗan tsalle tana gyara shi. Ita ba ta riga ta koyi cewa gaisuwa ba tambaya ba ce. Baƙo ya yi sallama ya ce, "Yarinya, ina gida?" sai ta zayyana masa komai daki-daki: jariri ya kwana yana gudawa, Inna ta ba shi ruwa a ɓoye, an sayar da baƙar akuya, Umma ta yi yaji ran Talata ta dawo ran Alhamis, jiya tuwo babu nama. In ya tambayi maigida, ta ce, "Shina ɗaki, amma ya ce in ce ba shi nan." A bayaninta babu ƙari babu ragi, kuma ba ta karɓar ko kwabo. Wannan ne dalilin da ya sa a gidaje da yawa, da zarar an ji sallamar baƙo a zaure, ita ake fara aike sayen gishiri a shagon da ya fi nisa.