Giwa Muka Je Gani, Akuya Muka Dawo Da Ita

Maƙwabcina ne ya ja mini. Ya kwashi iyalinsa ya kai su Dubai, aka zuba su a motar da ke hawa tudun yashi tana gangarowa, aka ɗora su a raƙumi, suka dawo da waya cike da bidiyo. Tun daga ranar gaisuwar 'ya'yana ta canza. Za su durƙusa su ce "Abba ina kwana," amma idonsu wata magana yake yi dabam. Na nuna musu cewa raƙumi ba abin da za a hau jirgi a je gani ba ne, tunda kullum ana koro su mayankar Kano, wataƙila ma sun sha cin namansa a tsire ba su sani ba. Bayanin bai yi amfani ba. 'Yar tsakiya ta daina cin tsire, Auta ya fashe da kuka.

Sai na gyara murya irin ta maigida, na ce, "To ni giwa zan nuna muku. Giwa a dajinta, kuna cikin mota mai buɗaɗɗen baya. Yankari za mu."

Uwargida ta bari sai da yara suka kwanta. "Abban yara, a watan Agusta?"

Tambayarta tana kan hanya. Duk wanda ya san Yankari zai gaya maka lokacin ganin namun daji shi ne ƙarshen rani zuwa bazara, daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da kududdufai suka ƙafe, ciyawa ta kwanta, ƙishirwa ta koro kowa bakin kogin Gaji. A tsakiyar damina kuwa kowane kwari da ruwansa, gamba ta fi mutum tsayi, giwa ba ta da dalilin zuwa inda kake. Sai dai masu tsara hutun makaranta ba sa shawara da giwa, dogon hutu a damina yake faɗowa. Na ce mata dabba mai girman ɗaki ina za ta ɓuya? Ta ce Allah ya kai mu, ta tashi ta hau soya cincin da dambun nama.

Muka bi ta Birnin Kudu da Ningi muka shiga Bauchi, muka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima muka karkata zuwa Mainamaji inda ƙofar dajin take. Daga ƙofar zuwa masaukin Wikki akwai fiye da kilomita 40, ni kuwa ban bar su sun tafi a banza ba. Na sanar da yara cewa a 1956 aka keɓe dajin, a 1962 aka buɗe shi ga masu ziyara, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006, faɗinsa kuma murabba'in kilomita 2,244. Da na kai aya na duba madubi. Biyu sun yi barci. Babban ya ɗaga waya sama yana juya ta, ya ce, "Abba, a cikin kilomitocin nan duka babu inda ake samun sabis?"

A masauki gadu muka fara gani, uwa da 'ya'yanta, sun lanƙwashe ƙafafun gaba suna kiwo a durƙushe, yadda suka saba. Auta ya ce gaishe mu suke yi. Uwargida ta kalli babban ta ce to ga masu ladabi nan, a yi koyi.

Daga nan gwaggon biri ya iso. Ma'aikatan wurin sun riga sun gargaɗe mu cewa kada a bar ƙofa a buɗe, kada a riƙe leda a fili, domin birai na wurin sun san leda sarai, sun kuma san wanda ke riƙe da ita ko zai iya kare ta. Wani ƙato ya auna mu ɗaya bayan ɗaya. Ya wuce uwargida, ya wuce yara, ya zo kaina. Kafin in ce uffan robar dambun nama ta bar hannuna. Bai ma gudu ba. Ya hau kan motata ya zauna, ya buɗe murfin da yatsu, ya fara ɗiba. Yara suka zuba mini ido, suna jiran su ga abin da uba yake yi a irin wannan rana. Na tafa hannu na daka masa tsawa, "Kai!" Ya ɗago ya yi hamma a hankali, har sai da na ƙidaya fiƙoƙinsa. Nan take na tuna cewa dambun ya sha zafin hanya, bai ma kamata yara su ci ba, na kuma bayyana musu haka. Uwargida ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Alhaji." Ba ta kirana Alhaji sai da dalili.

Washegari da sassafe muka hau motar zaga daji, mai benci a baya. Na fito cikin shuɗiyar shaddata mai aiki a wuya, domin mutum ba ya zuwa gaban giwa a wulaƙance, ga kuma hoto. Jagoran ya dube ni daga hula zuwa takalmi, ya buɗe baki, ya fasa. Ba mu yi nisa ba aka soka mini wani abu a kafaɗa. Sai a cinya. Sai a gadon baya, ta cikin shadda da singileti. Kowa a motar yana zaune lafiya, ni kaɗai nake marin kaina.

"Ƙudan tsando ne, Alhaji," in ji jagoran. "Shuɗi da baƙi yake so. Tarkon da ake kafa masa ma da shuɗin ƙyalle da baƙi ake ɗinka shi." Ya ɗan yi shiru, ya ƙara da cewa, "Yau dai sauran fasinja sun huta."

Tafiyar kanta yara sun ji daɗinta fiye da yadda na zata. Motar ta faɗa rami su yi ihu, ta haye kwazazzabo ta karkace su ce a sake, reshe ya shafo su su kwashe da dariya. Ni kowane rami a ƙugu nake karɓarsa. Mun ga bayan gwambaza tana shigewa ciyawa. Mun ga zabin daji. Mun ga wani abu can nesa da jagoran ya ce ɓauna ce, muka yarda da shi saboda mutumin kirki ne. Can sai ya ɗaga hannu direba ya tsaya, kowa ya yi tsit, zuciyata ta ce ga ranar wanke kai ta zo. Ya nuna tsakiyar hanya. Tulin kashi ne, dunƙule-dunƙule, yana ɗan tururi.

"Ba ta daɗe da wucewa ba," in ji shi. Ya ce giwayen Yankari ana ƙiyasta su tsakanin 100 da 150, suna cikin garke mafi girma da ya rage a Nijeriya, babbar giwa kuma tana iya cinye kilo 150 na ganye da ciyawa a yini. Shaidar hakan tana gabanmu. Yara suka yi ta ɗaukar hoto ta kowace kusurwa. Auta ya tambaya ko za mu iya tafiya da guda ɗaya gida. Abin da muka samu na giwa ke nan, kuma a ganina ba kaɗan ba ne, domin wanda ya ga hayaƙi ai ya san da wuta.

Ruwan Wikki ne ya rufa mini asiri. Yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garau har kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Na jiƙa kumburin tsando a ciki, yara suka yi iyo har yatsunsu suka yamutse.

A hanyar dawowa, mun bar dajin da nisa, uwargida ta hango wata 'yar Fulani da ƙwarya a bakin titi ta ce a tsaya. Kindirmo ya ƙare, in ji yarinyar, amma akwai a ruga, ga ta nan kusa. Ta nuna da leɓe. Yara suka ji an ce akwai 'yan maruƙa, magana ta ƙare. Duk wanda ya taɓa bin "nan kusa" na mutanen da ke taka sayyada daga Bauchi zuwa Binuwai da shanu ya san abin da ke gaba. Na saki kwalta na hau burtali da motar da aka ƙera don titin birni. An yi ruwa da dare. Mun wuce gonar dawa, mun wuce ta gyaɗa, muka iso wata 'yar fadama da ta yi lumui, ciyawa kore shar a samanta. Uwargida ta ce, "Abban yara, anya?" Na ce ai sirrin laka gudu ne. Na taka mai. Motar ta shiga da ƙarfinta, ta kai tsakiya, ta zauna.

Na fita in duba, laka ta karɓi takalmina na dama, har yau yana wurinta.

Yarinyar ta ruga, ta dawo da wani dattijo mai malfa da sanda a kafaɗa, da samari biyu, da amalanke da bijimai biyu ke ja. Dattijon ya zaga motar, ya dubi shaddata, ya ce, "Kaɗo, ko saniya ba ta bi ta nan da damina." Na ce, "Baffa, ƙaddara ce." Ya ce haka ne, amma ƙaddarar ta samu taimako. Aka kwashe uwargida da yara a amalanke zuwa ruga, ni ina biye a ƙasa da takalmi ɗaya. Amalanken nan ba shi da benci, ba shi da abin riƙewa, kowane taku sai ya yi ƙara ya jijjiga, amma ihun murnar da na ji daga cikinsa ya ninka na motar Yankari, wadda na biya wa kuɗi. Babban, wanda rabonsa da ajiye waya tun yaye, shi ne riƙe da igiya yana koyon yadda ake yi wa bijimi magana.

A ruga wata tsohuwa ta tarbi uwargida, ta shaƙi iska, ta ce, "Wannan humrar ta Barno ce." Uwargida Babarbariya ce ta wajen uwa da uba. Shi ke nan wasa ya ɓarke. Tsohuwa ta ce yau baiwarta ta kawo kanta har gida, a ba ta tsintsiya. Uwargida ta ce ita zuwa ta yi karɓar harajin nonon da aka daɗe ba a kai wa iyayen gida ba. Kafin a jima sun zauna a tabarma ɗaya ana dama fura, an manta da ni.

Shanun farare ne masu baƙin kunne da baƙin hanci, Bunaji, sai 'yan jajaye masu dogon ƙaho, Rahaji, a gefe. 'Yan maruƙa suna jere a dangwali, kowanne da madaukinsa. Wani yaro da bai kai babban ɗana ba ya nuna musu yadda ake tatsa: a kwance ɗan maraƙi ya fara tsotsa har nono ya sauko, a janye shi a ɗaure kusa da uwar tana lasarsa, sannan a tsuguna da ƙwarya tsakanin gwiwoyi. Kowace saniya da sunanta, in ya kira sai ta ɗago. 'Yar tsakiya, wadda a da ta ɗauka daga gwangwani madara take fitowa, ta gwada, ta samu ɗan tsirit, ta yi ta tsalle.

A nan ne na ga ya dace yara su san asalin ubansu. Na ce ni a ƙauye aka yanke mini cibiya, a ba ni ƙwarya. Gaskiya ne kuwa, sai dai gidanmu kaji muka kiwata. Na naɗe hannun riga na tsuguna. Saniyar ta juyo ta shinshina turarena, ta dubi yaron, ta dube ni. Na kama, na ja. Ban ga tashin ƙafar ba, ƙwaryar kawai na gani a sama, nonon da yaron ya tara yana sauko mini a ka. Ina ƙoƙarin miƙewa, na ba da baya ga wani ragon Uda, irin mai rabin gaba baƙi rabin baya fari, wanda Auta ya ce kamar an tsoma shi a tawada aka fasa. Ashe tun shigowata yake lura da ni. Ya ja da baya taku uku, ya sauke mini kai a daidai inda tsando ya bari. Baffa ya ce ba ya yi wa kowa haka, sai wanda ya ga alamar ƙarfi a jikinsa. Na karɓi wannan bayani, shi nake bayarwa har gobe.

Bijimai biyun suka fizge motar daga laka a ja ɗaya. Na ciro kuɗi, Baffa ya ɓata rai, ya ce shi ba ya sayar da taimako. Don kada in tafi da nauyi na ce to a sayar mini da wani abu. Muka waiga gaba ɗaya, ga Auta zaune a ƙasa ya rungume wata jar 'yar akuya, ta sa kai a hammatarsa. A kan wannan Baffa bai ɓata rai ba ko kaɗan. Ya faɗi kuɗi irin na jajibirin Salla, yana murmushi, tsohuwa tana cewa a ƙara saboda surukin bayi ne.

Daga nan har Kano tana kujerar baya. Kafin Bauchi ta ci rasit ɗin masauki. Kafin Ningi ta yi abin da akuya ke yi, sau da yawa, aka sauke gilashi. A Birnin Kudu na ji ana jan wuyan rigata ta baya, na zaci Auta ne, ashe aikin shaddar take warwarewa zare-zare.

Yanzu tana bayan gida, ta gama da zogalen uwargida ta koma kan igiyar shanya. Da ƙanwata ta haihu na kawo shawarar cewa ga abin yanka Allah ya hore, ba sai an je kasuwa ba. Aka yi zaman gaggawa a falo. Yara uku suka ƙi, uwarsu ta ce ita ba ruwanta, amma ta zauna a ɓangarensu. Ni aka ɗora wa sayen dusa da harawa duk mako, kuma mai harawar bakin kasuwarmu, da ya hango motata sai ya miƙe ya ɗaga hannu, ya ce, "Ardo ya iso! Dami nawa za a sa?"