Yaƙin Yaya da Nafkin

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin famfas ya bi sahun na shinkafa, sai Yayana ya kafa doka a gidansa: a koma nafkin na yadi, a wanke a mayar. Matarsa, wadda ta haihu ko arba'in ba ta yi ba, ta ce, "To Malam, wa zai riƙa wankewa?" Ya bugi ƙirji ya ce shi. Bai san sabon jariri yakan ɓata nafkin 8 zuwa 12 a rana ba.

Ba a jima ba mazaunan yarinya suka yi jajir, ƙuraje suka feso. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. In fitsari ya haɗu da kashi suka daɗe a jiki, ƙwayoyin cutar da ke cikin kashin sukan mayar da sinadarin fitsarin ya zama amoniya, mai zarnin nan da ke hawa kai. Fata ta jiƙe ta yi laushi, yadi ya goge ta, sai naman gwarin da likitoci ke kira kandida ya samu wurin zama. Yaya dai abu ɗaya ya ji a duk bayanin da aka yi masa: akwai abokan gaba a gidansa.

Ranar Asabar ya shiga banɗaki da baho cike da nafkin ko ɗauraya babu, ya turo ƙofa. Ya tuttula bilic ba awo. Da ya ga bai gamsu ba, ya ɗauko ruwan wankin masai ya ƙara, wai sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Ina tsakar gida na ji tari kamar na tsohon janareto. Sai ga Yaya ya banko ƙofa daga shi sai singileti, idanu jajir, hawaye da majina shaɓe-shaɓe, yana nuna bayansa ya kasa magana. Abin da ya haɗa ba wasa ba ne: bilic in ya gamu da ruwa mai asid yakan saki iskar kulorin, irin wadda sojojin Jamus suka sako wa abokan gabarsu a Beljiyam a 1915. In kuma da amoniyar tsohon fitsari ya gamu, wata iskar ce daban mai ƙona ido da maƙogwaro. Yaya ya tara duka biyu a baho ɗaya. Muka kwashe maijego da jaririya zuwa maƙwabta, muka buɗe tagogi, shi kuma aka nufi asibiti da shi, aka haɗa da yarinyar tunda an riga an tari mota.

Malamar asibiti ta duba uba ta sallame shi, ta duba 'ya, sannan ta zaunar da shi ta yi masa karatu. A fara kankare kashi a zuba a masai, a ɗauraye da ruwan sanyi. A wanke da sabulu da ruwan zafi wanda ya kai digiri 60, ko a tafasa nafkin ɗin a tukunyarsa ta daban. In za a sa bilic, kaɗan a ruwa mai yawa, shi kaɗai. A yi ta ɗauraya har kumfa da wari su tafi, don saurarsu ma na cin fata. A shanya a igiya cikin rana. A canza wa yarinya da zarar ta ɓata, a bar ta ta sha iska, a shafa mata man zinki. In kwana uku sun wuce ba sauƙi, a dawo.

"Kuma Yallaɓai, a goge da dutsen guga," in ji ta. Akwai wani ƙuda a ƙasashenmu da ke saka ƙwai a kan damshin tufafi masu zarnin fitsari, musamman waɗanda aka baza a ƙasa cikin inuwa. Tsutsar ta ƙyanƙyashe ta shige fata, a ga kamar maruru. Zafin guga ke kashe ƙwan.

Hajiya, mahaifiyarmu, da labari ya iske ta ko takalmi ba ta tsaya daidaitawa ba. Ta tarar da Yaya a gida durƙushe yana fifita gawayin dutsen guga, don an ɗauke wuta, ya riga ya ƙona nafkin har da huji.

"Kai ɗan nan, duk ku nan da tukunya da rana na raine ku, ban taɓa korar unguwa ba. Tashi ka ba ni wuri."

Ta naɗe hannun riga ta aza tukunya. Yanzu aikin Yaya a gidan ɗebo ruwa da sayen gawayi, kuma kwalbar bilic tana cikin kwabar Hajiya, makullin na ɗaure a bakin zanenta.