Gayyar Masu Keke

A 1977 wasu mutanen Bristol, a Ingila, suka kafa ƙungiyar Cyclebag don jama'a su rage mota su koma keke. Da suka ga babu hanyar da mai keke zai bi hankali kwance, sai suka ɗauki shebur suka far wa tsohon layin dogo na zuwa Bath, wanda jirgi ya daina bi. Daga 1979 har 1986 ana fama da kusan mil 13. Mutum ya shigo don taya biyu, ya ƙare da tura baro mai taya ɗaya.

Shugaban irin wannan gayya kuwa, Allah sarki! Tunda ba ya biyan kowa, ba shi da ikon korar kowa. Ranar taro kowa injiniya ne, ana ta musu kan inda ruwa zai bi. Ranar haƙa sai ciwon baya ya kama gari. Shi ke cika takardun hukuma, shi ke lallashin masu yawo da karnuka, shi ke dafa shayi. Kekensa na jingine a gareji, tayoyi sun sace. Ranar buɗe hanya kuma duk majinyata sun warke, suna sahun gaba a hoto.