Sai da Ya Ɗaure Fuska

A 1978 masu shirin talabijin na Happy Days a Amurka suna neman wanda zai fito a matsayin baƙo daga wata duniya. Wani saurayi, Robin Williams, ya shigo gwaji. Aka ce ya zauna, sai ya kafa kai a kan kujera, ƙafafu a sama. Aka ba shi aikin. Da a wata unguwar ce, da tuni an aika a kira mai ruƙiya.

Daga nan aka buɗe masa nasa shirin, Mork & Mindy, har zuwa 1982. Marubutan shirin su ne abin tausayi: su kwana suna tsara magana, gogan naka ya zo ya faɗi abin da ya faɗo masa a baki, kuma nasa ya fi tayar da dariya. Ya saba tun a gidajen barkwanci na San Faransisko, inda mutum ke tsayawa shi kaɗai da makirufo, in dariya ta ƙi zuwa babu wanda zai ɗora wa laifi. A fim ɗin Aladdin na 1992 ma haka ya yi ta zuba da muryar aljani, masu zane suna bin sa a guje.

Kyautar Oscar fa? Sau uku ana sa sunansa, ana ba wani. Sai a 1998 aka miƙa masa, saboda Good Will Hunting, inda ya tara gemu, ya rage murya, yana yi wa wani matashi nasiha. A nan ne alƙalan Hollywood suka gano ashe mutumin ya iya wasa.