Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam Sharuɗɗa Da Ƙa'idoji

Zuwa ga Shehin Malami, Malam Sharuɗɗa da Ƙa'idoji, mazaunin gindin kowace manhajar biyan kuɗi, wanda jama'a suka yi wa mubaya'a ba tare da sun taɓa ganin fuskarsa ba.

Bayan gaisuwa da ban girma irin wanda ya dace da mai daraja, da tambayar lafiyar iyali, tun daga Sashe na Ɗaya har zuwa autansu, da ƙananan jikoki masu zama cikin baka biyu, da kuma maƙwabciyarka Hajiya Tsare Sirri wadda ba a isa gare ta sai ta wata ƙofa dabam, ina roƙon Malam ya yi mini afuwa bisa wannan karambani, domin na san a al'ada kai ke rubutawa, mu kuwa namu dannawa.

Allah gafarta Malam, abu na farko da ya ɗaure wa almajiranka kai shi ne tsawonka. Shaihu Halilu ya tattara fiƙihun Malikiyya, daga tsarki har rabon gado, cikin Muhtasar guda da ake riƙewa da hannu ɗaya, saboda tsananin taƙaitawarsa ne malamai suka shafe ƙarnoni suna yi masa sharhi. Kai kuwa ka zo da karamar da ba a taɓa gani ba, ka yi tsawon sharhi, amma ka fi matani wuyar fahimta. A shekarar 2012 ƙungiyar kare masu sayayya ta Ingila mai suna Which? ta zauna ta ƙidaya kalmomin yarjejeniyar kamfanin biyan kuɗi na PayPal, ta tarar sun haura 36,000, har sun zarce Hamlet na Shakespeare. Kafin nan, ranar 1 ga Afrilu, 2010, ranar da Turawa suka keɓe don zolayar juna, wani kantin wasannin kwamfuta na can Ingila, GameStation, ya cusa sharaɗi cikin takardarsa cewa mai saye ya sallama wa kantin ruhinsa har abada, sai ga mutum wajen 7,500 sun amince. Idan masu harshen da aka rubuta ka da shi sun yi cinikin rayukansu ba su sani ba, ina ga mai sayar da gero a Dawanau, wanda ɗansa ne ya buɗe masa asusun, ya kuma danna masa amincewar tun bai gama gyara zaman tabarau ba?

Mun karanta a babin ciniki cewa ƙulla yarjejeniya yana tsayawa ne bisa ijabi da ƙabuli, da yardar juna, da sanin abin da aka yi ciniki a kansa, kuma duk cinikin da aka jahilci ƙarshensa garari ne. To, Malam, da wane suna za a kira sharaɗinka wanda ya ce kana da ikon sauya dukkan sharuɗɗa a duk sa'ar da ka ga dama, kuma ci gaba da amfani da manhajar shi ne shaidar na yarda da sauyin? Ashe ƙabulina na bara ya haɗa har da ijabin da ba ka furta ba sai baɗi. Ita ma yardar a duba ta da kyau. Wanda ya ga farkon shekarar 2023, lokacin da tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane bayan an sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya san cewa dubban jama'a sun shigo zaurenka ne ba don sha'awar karatunka ba, sai don mai shayi da mai kayan miya sun ce sai dai a tura. Masanin shari'ar nan na Masar, Abdurrazaƙ Sanhuri, ya kira irin wannan ƙulli yarjejeniyar miƙa wuya, kuma kundin dokar ƙasarsu na 1948 ya ba alƙali ikon gyara sharaɗin zalunci a cikinta ko ya sauke shi daga wuyan mai rauni. Na faɗi wannan ne don Malam ya san an daɗe da gane tafiyarsa.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ta ɗora shifta a kan wanda ake bi. A nan kam dole a yaba maka, gama kuɗina suna hannun ubangidanka, wato kamfanin, shi ake bi, shi kuma ya yi maka shifta. Sai dai ayar ta haɗa da adalcin marubuci, da hana tauye hakki, da kafa shaidu, waɗannan kuwa ban ga inda ka ajiye su ba. Abin da na gani shi ne sashen nan da aka rubuta da manyan baƙaƙe, kamar mai ɗaga murya a zauren wani, inda aka ce idan sadarwa ta katse, ko na'ura ta yi kuskure, ko wani na uku ya yi ɓarna, kamfani ba shi da alhaki face gwargwadon abin da doka ta tilasta masa.

Da Malam zai sauko daga gindin manhaja ya tsaya ƙarƙashin lemar mai POS a bakin kasuwa ana jajibirin Salla, da ya ga tafsirin wannan sashe a aikace. Ga tela tsaye, ragowar zare a wuyan rigarsa, ya tura kuɗin shadda, wayarsa ta ce an cira, wayar mai shadda ta yi shiru. Mai POS yana kaɗa na'urar sama yana neman sabis, yana cewa, "Baba, ka yi haƙuri, za su dawo." Mai shadda ya dafe yadinsa da tafin hannu yana cewa, "Ni fa sai na ga alat." Ba maƙaryaci a cikinsu, ba kuma wanda ya san inda kuɗin suka kwana. Idan telan ya kira lambar da ka bayar, wata murya mai ladabi za ta gode masa bisa haƙurinsa, ta sa masa kiɗa, har kuɗin wayarsa su ƙare.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan rufe asusu. Ka rubuta cewa ana iya tsare dukiyar mutum bisa zato, ba tare da an bayyana masa dalili ba, alhali kuwa mun taso muna jin cewa hujja tana kan mai da'awa. A yarjejeniyar PayPal tsarewar tana iya kaiwa kwana 180. Malam ya lissafa: matar da mijinta ya rasu takabarta wata huɗu da kwana goma ce, sai ta fita ta shafa turare, har ta yi sabon aure in Allah ya kawo miji, kuɗin bawan Allah suna nan ba su gama idda ba.

Ba na zaluntarka, na san 'yan damfara sun yi yawa, na kuma san lambar BVN da ta NIN da hoton fuska da kake nema umarnin hukuma ne. Na san kuma kana jin magana in an ɗaga murya, domin a watan Oktoba na 2022, da jama'a suka karanta sabon sharaɗin PayPal mai cewa za a ci tarar dala 2,500 a kan yaɗa labarin ƙarya, suka yi ca, nan da nan kamfanin ya janye, ya ce kuskure ne. Ashe Malam ba ya tsoron kowa sai mai karatu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ƙwaƙwalwarka, mai kiyaye kowane hakki na ubangidanka har da wanda bai auku ba, take yin rauni idan an zo kan namu. Dokar gasa da kare masu sayayya ta Nijeriya ta 2018 ta ba mutum hakkin a yi masa bayani da harshe bayyananne, ta kuma hana sharuɗɗan zalunci. Ƙa'idojin Babban Banki sun ce wanda aka cuta ya fara kai kuka ga kamfanin, ya karɓi lambar shaidar ƙorafinsa, in mako biyu ya wuce ba a share masa hawaye ba ya ɗaukaka zuwa sashen kare masu hulɗa na Babban Bankin. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba shi ikon tambayar abin da aka tara game da shi, da neman a gyara, da janye yardarsa. Duk waɗannan, in ma ka ambace su, sai can ƙarshe, bayan mai karatu ya yi barci.

Saboda haka buƙatata ƙarama ce. Ka riƙe tsawonka don lauyoyi, kowa da abincinsa. Mu kuwa a fitar mana da shafi ɗaya tak da Hausa, boko da ajami, da murya don wanda bai yi karatu ba, a faɗi nawa ake cira a kowace turawa, da wa ke da ikon rufe asusu da iyakar kwanakinsa, da ranar da kuɗin da suka maƙale za su dawo, da ƙofar da ake ƙwanƙwasawa a tarar da ɗan Adam a bayanta. A sa shafin a saman maɓallin amincewa, in kuma za a sauya wani abu a cikinsa, a sake tambayarmu.

Rashin amsa wannan wasiƙa cikin kwana 30 shaida ce cewa Malam ya karanta, ya fahimta, ya kuma yarda da dukkan abin da ke cikinta.

Wassalam.

Almajirinka,
Mai danna "Na Yarda".